Ina harkar yawon buɗe ido ta dosa a Nijar, kuma shin gina masauki a Tawa jari ne mai makoma?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan kasuwa ɗan Adar, wato yankin Tawa, wanda ya daɗe yana nema a Abijan, yanzu kuma yana son maido da wani ɓangare na dukiyarsa gida. Yana da fili a cikin garin Tawa, yana tunanin gina masaukin baƙi, tare da sayen motoci biyu masu shiga sahara. Ƴan'uwansa sun rabu biyu a kan maganar: wasu na cewa harkar yawon buɗe ido ta mutu tun ranar da Turawa suka ɗauke ƙafa, wasu kuma na cewa yanzu ne lokacin shiga, tun kafin al'amura su daidaita kowa ya farga. Yana neman sanin wane ɓangare ne ya fi kusa da gaskiya.

Alhaji, bayan gaisuwa da fatan alheri, ra'ayina shi ne ka gina masaukin, amma ka gina shi daidai da baƙon da ke shigowa Tawa a yau, sa'annan ka jingine maganar motocin sahara. Na yi aiki tare da masu otel da masu kamfanonin tafiye-tafiye wajen tsara lissafin kuɗinsu, kuma abin da na fi gani yana cinye jarin mutane shi ne ɗaukar wannan harka a matsayin kasuwa guda, alhali kasuwanni uku ne da ba su da makoma iri ɗaya. Akwai ta Turawa masu zuwa ganin sahara, akwai ta manyan taruka da ma'aikatan ƙungiyoyi, akwai kuma ta ƴan ƙasa da maƙwabta. Ƴan'uwanka na ɓangarorin biyu duk ta farkon suke kallo, shi ya sa suka kasa daidaitawa.

Kasuwar farko ita ce wadda ta fito da sunan Nijar a duniya. Daga shekarun 1980, lokacin da gasar motoci ta Paris zuwa Dakar take ratsa hamadar Tenere tana yada zango a Agadas, har zuwa tsakiyar shekarun 2000, Turawa, musamman Faransawa da Jamusawa da Italiyawa, suna zuwa da sanyi, daga wajajen Nuwamba zuwa Fabrairu, domin su ga duwatsun Abzin da tuddan rairayi da zane-zanen mutanen da a jikin duwatsu. Marigayi Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas yake ɗauke da sunansa, yana cikin waɗanda suka kafa wannan sana'a da kamfaninsa na tafiye-tafiye, kuma daga baya jiragen shata suka riƙa tasowa daga Faransa suna sauka Agadas kai tsaye. Amfanin wannan kasuwa bai tsaya ga yawan baƙi ba, domin ko a lokacin da take ganiyarta ba ta kama ƙafar ta Maroko ko ta Senegal ba. Amfaninta yana ga yadda kuɗin baƙo ɗaya yake rarrabuwa: direba ya samu, jagora ya samu, mai dafa abinci da mai raƙuma su samu, maƙerin azurfa da baduku su sayar da aikinsu da daraja, mai lambu a Timiya ya sayar da lemu da rumman. Kuɗi ne na waje da ke faɗawa kai tsaye hannun talaka a yankin da noma bai wadata ba, kuma ƙalilan ne daga cikin sana'o'in ƙasar nan suke da wannan siffa.

Sai dai akwai abin da ya kamata ɗan Tawa ya tuna. Ko a wancan zamani, Tawa zango ce a kan hanyar Yamai zuwa Agadas, inda matafiyi yake kwana ɗaya, ya sha mai, ya wuce. Da jiragen shata suka fara sauka Agadas, wannan kwana ɗayan ma ya ragu. Saboda haka ko da kasuwar ta dawo gobe yadda take a da, rabon Tawa a cikinta ɗan kaɗan ne.

Ga shi kuma babu alamar dawowarta nan kusa. Tawayen farko na 1990 zuwa 1995 ya durƙusar da ita, ta miƙe bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995. Tawaye na biyu na 2007 zuwa 2009 ya sake kayar da ita, a 2008 aka soke gasar Dakar, daga 2009 kuma aka mayar da ita Kudancin Amurka. Kafin a farfaɗo sai aka sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit a Satumbar 2010, aka sace samari biyu Faransawa a tsakiyar Yamai a Janairun 2011, aka kai hare-hare Agadas da Arlit a Mayun 2013. Abin takaici, a wannan shekara ta 2013 ne UNESCO ta saka tsohon garin Agadas, da hasumiyar masallacinsa ta laka mai tsawon mita 27, cikin jerin kayan tarihi na duniya, wato karramawar ta zo ne a lokacin da masu zuwa kallo suka riga suka janye. Abin da ya rage a kudu, wato raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, shi ma ya samu rauni a ranar 9 ga Agustan 2020, da aka kashe mutum takwas, shida Faransawa ma'aikatan agaji, da direbansu da jagoransu ƴan ƙasa. Wannan wuri misali ne na nasarar da aka sha wahala kafin a samu, domin dabbobin da suka ragu zuwa 49 a 1996 sun haura 600 cikin kimanin shekara ashirin, kuma ƙauyukan yankin sun fara ganin amfanin zama da su. Gandun dajin W kuwa, wanda ya shiga jerin UNESCO tun 1996, ya zama wurin da jami'an gandun daji kansu suke shiga da taka-tsantsan. A 2025 ma an sace mata biyu Turawa mazauna Agadas, ɗaya ƴar Ostiriya a Janairu, ɗaya ƴar Suwizalan a Afrilu.

Abin da masu cewa “yanzu ne lokacin shiga” ba su lura da shi ba shi ne yadda wannan kasuwa take aiki daga can inda baƙon yake tasowa. Bature mai son ganin Tenere ba shi kaɗai yake yanke shawara ba. Ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa tana da taswira da take shafa wa launi, kuma da zarar an shafa wa yanki ja, kamfanonin inshora sun daina ɗaukar nauyin wanda ya je can, kamfanin shirya tafiya kuma ba zai sayar da tafiyar da babu inshora a kanta ba, domin idan wani abu ya faru shi za a kai kotu. Idan babu kamfanonin da za su cika kujeru, babu jirgin shata, idan kuwa babu jirgin shata, kuɗin tafiyar ya fi ƙarfin matsakaicin ma'aikaci, wanda shi ne ainihin mai sayen wannan haja. Faransa ta shafa wa Nijar ja baki ɗaya ban da Yamai bayan harin Kure, bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023 kuma jiragen Air France suka daina zuwa, ofishin jakadancin Faransa ya rufe a farkon 2024. A cikin gida kuma, baƙon Turai ba ya fita wajen Yamai sai da rakiyar jami'an tsaro, wadda take da dalilinta, amma take ƙara tsada, take kuma kawar da abin da mutumin ya zo nema, wato kaɗaici da shirun sahara. Goge jan launi daga taswira yana ɗaukar shekaru ko bayan an samu lafiya. Muritaniya ta isa misali: an kashe Faransawa huɗu kusa da Aleg a Disambar 2007, kasuwarta ta rushe cikin ƴan shekaru, kuma sai a ƙarshen 2017 jiragen shata suka koma sauka Atar, duk da cewa ƙasar ta daɗe ba ta ga hari ba kafin nan. A halin yanzu Muritaniya da Janet ta Aljeriya da Ennedi ta Cadi sun karɓe masu son sahara, kuma duk ranar da muka dawo fage za mu tarar da su sun riga sun kafu. A ƙiyasina, wanda ya sa kuɗinsa a kan dawowar Turawa cikin shekara biyar masu zuwa ya yi sakin na hannu kamun na guje. Motar sahara da ba ta aiki tana cin kuɗi kullum, darajarta kuma tana zubewa.

Mutanen da suka riƙe wannan sana'a ma ba su zauna jira ba. Direbobi da jagorori da yawa sun koma jigilar matafiya zuwa Libiya har dokar 2015 ta haramta aikin, kafin a soke ta a Nuwambar 2023, wasu kuma sun bi zinariyar Jado da Cibarkaten tun daga 2014. Wannan yana damuna ƙwarai, domin sanin rijiyoyi da hanyoyin Tenere, da iya karɓar baƙo da harshensa, ilimi ne da ake gada ta hanyar aiki, kuma tsara guda ta tashi ba ta same shi ba.

Kasuwa ta biyu ita ce ta taruka da ma'aikata, kuma ita ce ta riƙe otel-otel na ƙasar nan a shekarun da Turawan yawo suka ɓace. Taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019 ya sa an sabunta filin jirgin Diori Hamani, an gina otel-otel na Radisson Blu da Noom da Bravia, daga baya aka buɗe zauren taro na Mahatma Gandhi, kuma manufar hukuma a lokacin ita ce Yamai ta zama birnin karɓar taruka. An samu wasu, kamar na ministocin harkokin wajen ƙasashen Musulmi a 2020 da wani taron ƙolin Afirka a 2022. A jihohi kuwa, duk mai otel a Tawa ko Maraɗi ko Damagaram ya san cewa abin da ke biyan albashin ma'aikatansa shi ne taron bita na kwana uku da wata ƙungiya ko wani shiri na raya karkara ya kira: a kama zaure, a kama ɗakuna, a yi odar abincin rana da shayin safe. Wannan kasuwa ta ragu sosai tun 2023. Takunkumin ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta CEDEAO ya yi aiki daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, masu ba da tallafi da dama sun dakatar da shirye-shiryensu, sojojin Faransa da na Amurka sun tafi tare da ƴan kwangilar da ke bin su, an kuma janye wa wasu ƙungiyoyin waje izinin aiki. Ba ina auna daidai ko kuskuren waɗannan matakai ba ne a nan, lissafin ɗakuna nake yi, kuma lissafin ya nuna cewa Yamai tana da manyan ɗakuna fiye da masu iya biyansu. Tarukan AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, da baƙi daga Turkiyya da Sin da Rasha da ƙasashen Larabawa suna cike wani gurbi, amma yawancinsu a babban birni suke tsayawa. Kasuwar ba ta mutu ba, domin ma'aikatan gwamnati da na bankuna da na kamfanonin sadarwa suna ci gaba da zagaya jihohi, sai dai ba ta kai a gina babban otel a Tawa dominta ba.

Kasuwa ta uku ita ce wadda nake son ka zauna ka yi nazarinta da kyau, domin ita ce ba ta jiran izinin kowace ma'aikatar harkokin waje. Je ka tsaya a tashoshin manyan motocin safa na Tawa da asuba ko da almuru, ka dubi masu sauka. Za ka ga dillalan albasa da suka zo daga Gana da Kodebuwa suna neman ta Galmi, da fataken dabbobi masu bin kasuwannin Badagishiri da Abalak, da iyayen ɗaliban jami'a, da ma'aikacin da aka turo aikin mako guda, da matar da ta rako maras lafiya, da ƴan biki da suka taso daga Yamai mota guda. Ga kuma irinku, ƴan Adar mazauna Abijan da Libiya da Aljeriya da Najeriya, waɗanda suke dawowa da Salla ko ɗaurin aure da iyalan da suka saba da fanka da makewayi na zamani, gidan gado kuma ya cika da jama'a. Ƙasar da yawan mutanenta ya haura miliyan 25, kuma yake ƙaruwa da sauri irin namu, tafiye-tafiyen cikinta ba za su ragu ba. Waɗannan mutane ba sa kiran kansu ƴan yawon buɗe ido, amma a littafin mai masauki duk wanda ya kwana ya biya baƙo ne.

Wannan kasuwa tana da nata cikas, kuma wajibi ne in faɗa maka su. Na farko al'ada ce: a ƙasar Hausa baƙo gidan ɗan'uwa ko na maigidansa na kasuwa yake sauka, kuma a wurin mutane da yawa kalmar otel tana tafe da zargin giya da shashanci, har dattijo yana jin nauyin a ga motarsa a ƙofar wurin. A ganina wannan cikas ɗin shi ne babbar damarka. Masaukin da aka san mai shi, aka san ba a sayar da giya, yake da wurin salla da alwala mai tsabta, da ɓangaren iyali mai ƙofarsa daban, da ma'aikaciya mace da za ta karɓi mata, zai jawo mutanen da a yau suke takura a gidajen dangi don rashin wurin da ya dace da mutuncinsu. Na biyu, wannan baƙo ba ya kashe kuɗi kamar Bature, yana taya farashi, kuma ba zai sayi takobin ado ko sarƙar azurfa ba, sai dai kilishi da cuku da tabarmar Madawa. Ribar kowane dare ƙarama ce, samunka yana ga yawan dararen da ɗaki bai kwana a rufe ba.

Na uku shi ne kuɗin Najeriya. Sakkwato tana da nisan da bai kai kilomita 100 ba daga Ƙonni, kuma a bisa hankali jama'ar Sakkwato da Kabi da Zamfara da Katsina su ne babbar kasuwarmu, domin harshe ɗaya ne, addini ɗaya, dangi ɗaya. Amma sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta faɗi daga wajen 460 a dalar Amurka ɗaya zuwa sama da 1,500 a 2024. Ma'anar wannan ita ce ɗakin da ka sa wa jaka 15 ya ninka tsada a idon Basakkwace ba tare da ka ƙara ko dala ba, kuma ɗan Nijar mai neman hutu ya ga Kano ta fi masa araha. Duk wanda zai yi lissafi da baƙin Najeriya, to ya riƙa duba canji kamar yadda yake duba farashin siminti.

Bukukuwa kuma suna ruɗin masu zuba jari. Gasar kokawa ta neman takobi, wadda aka fara a nan Tawa a 1975, tana cika gari maƙil na kwana goma, ɗaki ya yi wuyar samu ko da ninkin kuɗi, amma tana zagaya jihohi takwas ne, wato sai bayan shekaru take dawowa. Bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba, wanda aka yi a Tawa a 2017 da sunan Tawa Sakola, ya bar wa garin tituna da gine-gine da gyararren filin jirgi, amma mako guda aka yi aka watse. Bikin makiyaya na Ingal a watan Satumba yana ratsa da ayarin hukuma da baƙi ta Tawa, bikin Hotungo na Bangi yana tara Fulani daga ɓangarorin iyaka biyu, Mauludin Kiyota a jihar Doso yana nuna irin jama'ar da ziyarar addini take iya motsawa. Duk waɗannan ƙari ne mai daɗi idan sun zo, amma ba a auna yawan ɗakunan da za a gina da makon da gari ya fi cika.

Akwai kuma dukiyar da jihar Tawa take da ita wadda har yanzu ba a mayar da ita abin ziyara ba, kuma a nan ne nake ganin ci gaban gaske zai iya fitowa cikin shekaru goma. Masallacin Yama, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da laka a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, ɗaliban zanen gini a ƙasashe da dama sun san shi, amma ƴan makarantar Tawa da yawa ba su taɓa ganinsa ba. A Dandaji an mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu aka gina sabo kusa da shi, aikin Mariam Kamara da Yasaman Esmaili da aka kammala a 2018, wanda ya yi suna a duniya. Marata, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, tana cikin wannan jiha, kuma ba sai an yi wa mutumin Sakkwato ko Gwandu dogon bayani kan darajar wurin ba. Tafkin Tabalak, wanda ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2005, yana kan hanyar Agadas, ga kifi ga tsuntsaye ga lambuna. Kwarin Kaita yana nuna abin da mata da maza suka yi da hannuwansu tun daga 1984 wajen maido da ƙasar da ta mutu. Abin da waɗannan wurare suka rasa ba mai tsada ba ne: allo a bakin hanya, rumfa, makewayi, ruwan sha, mutum ɗaya da ya san tarihin wurin kuma aka yanka masa ladan da kowa ya sani. Wannan aikin ƙananan hukumomi ne da sarakuna, amma mai masauki da ya haɗa kai da makarantu da jami'a ya shirya ziyarar yini ɗaya a ƙarshen mako zai iya zama wanda ya buɗe hanyar. A kula kuma da cewa gine-ginen laka ba sa jira: ruwan 2024 ya rusa tsohon masallacin Damagaram, ya kuma taɓa gidaje a tsohon garin Agadas. Sa'annan dole a faɗi iyakar abin, domin Tiliya da Tasara suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma harin Tiliya na Maris 2021 ya ci rayuka 137. Arewa maso yammacin jihar ba wurin kai baƙo ba ne a yanzu, kuma ko a kudu sai an riƙa tuntuɓar hukuma kafin a ɗauki ayari.

Game da tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, abubuwa biyu suna ja ta fuskoki daban. Fitar da ɗanyen mai ta bututun Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda ya fara a Mayun 2024, yana ƙara wa ƙasa kuɗin shiga, kuma idan kuɗin ya sauko ta hanyar albashi da kwangila, zai ƙara yawan masu iya biyan ɗaki. A ɗaya gefen, rufe iyakar Benin ya mayar da kaya doguwar hanyar Lome ta Burkina Faso, abin da ya tsadantar da duk abin da mai gini yake shigowa da shi, kama daga tayil har na'urar sanyaya ɗaki. Rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak da ke Arlit a 2021 da lalacewar hanyar Tawa zuwa Arlit sun rage zirga-zirgar da garin yake ci daga gare ta. Wutar lantarki kuma, wadda kaso mafi yawa nata yake zuwa daga Najeriya kafin 2023, ta nuna mana rauninta lokacin takunkumi.

Yanzu ga lissafi, kuma alƙaluman misali ne kawai, sai ka sauya su da farashin da ka gani da idonka a gari. A ce ka gina ɗaki 12, kowanne jaka 15 a dare. A shekara kana da darare 4,380 na sayarwa. Idan uku cikin goma suka samu mai kwana, kuɗin da zai shigo ya kusa miliyan 20 na sefa. Idan abin ya faɗi zuwa rabin haka, kamar yadda yake faruwa a watannin zafi ko lokacin da aka rufe iyaka, kuɗin bai kai miliyan 10 ba, alhali albashin mai gadi da mai shara da mai karɓar baƙi, da haraji da ruwa da gyare-gyare, ba su ragu da ko tamma ba. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce ko masaukin zai iya ɗaukar nauyin kansa a mummunar shekara. Idan da bashin banki ka gina, amsar kusan kullum a'a ce, domin banki ba ya sanin damina ko rani. Idan da kuɗinka ne, kuma ka fara da ɗakuna takwas zuwa goma sha biyu a kan tsarin da za a iya ƙarawa, amsar tana iya zama e. Ka sa kuɗin motocin nan biyu a kan faifan sola da batura da babban tankin ruwa, domin a garin da zafi yake haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, baƙo yana yafe ƙaramin ɗaki amma ba ya yafe daren da fanka ta tsaya, kuma man janareta shi ne abin da na fi gani yana cinye ribar ƙananan otel. Ka gina zaure mai ɗaukar mutum ɗari ko fiye, da fili mai inuwa, domin walima da taron suna da taron ƙungiyoyin gari ba sa yankewa, kuma sau da yawa zaure da kicin suna shigo da abin da ya fi na ɗakuna. Ka yi rajista da ofishin yawon buɗe ido na jiha, ka riƙe littafin baƙi yadda jami'an tsaro suke buƙata, ka karɓi biya ta waya, ka kuma ɗauki matasan da suka koyi aikin otel ka biya su albashin da zai zaunar da su, domin tsabtar zanen gado da fara'ar mai karɓar baƙi su ne suke dawo da ɗan kasuwa karo na biyu.

Maganar sahara kuwa ba na cewa ka binne ta, ina cewa ka sa mata sharuɗɗa. Ranar da ka ga an ɗage wajabcin rakiyar jami'an tsaro a kan hanyar Yamai zuwa Agadas, ka ga wata babbar ƙasar Turai ta sauya launin Abzin a taswirarta, ka ga jirgi daga waje ya sauka filin Mano Dayak da fasinjojin yawo sanyi biyu a jere, to lokacin ya yi da za a sake buɗe lissafin. Ko a ranar ma, shawarata ita ce ka nemi tsohon kamfani na mutanen Agadas ku yi haɗin gwiwa, su riƙe motoci da jagorori tun da su suka san ƙasar, kai kuma ka riƙe musu zangon Tawa da ziyarar Yama da Tabalak. Kafin nan, idan har kana son mota, ƙaramar bas mai kujeru goma sha takwas da za ta ɗauko baƙinka daga tasha, ta kai ƴan biki Ƙonni ko Madawa, ta kuma kai ƴan makaranta Dandaji ranar Asabar, ita ce za ta biya kuɗin kanta.